Wa ke da alhakin makarantar ƙauyenmu, ciyaman ko SUBEB?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa iska ta yaye rufin azuzuwa biyu a makarantar firamaren ƙauyensu tun farkon daminar bara, har yau yara a gindin bishiya suke ɗaukar darasi. Malamai uku ne a rubuce, amma ɗaya kawai ake gani. Mazan gari sun je wurin ciyaman, ya ce aikin SUBEB ne, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Sun je SUBEB, aka ce su koma ƙaramar hukuma. Ban da wannan, akwai wata marainiya a maƙwabtansu da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla, kullum kuma ana jin kukanta saboda duka. Tana so ta san mene ne ainihin aikin ƙaramar hukuma a kan yara, kuma ƙofar wa za a ƙwanƙwasa.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da yaran da ba ke kika haife su ba. Na yi aikin koyarwa, na riƙe hedimasta, daga baya na ƙare aikina a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, saboda haka wannan kai-komo da aka yi da mazan garinku na san shi ciki da waje. Abin da zai ba ki mamaki shi ne ciyaman bai yi musu ƙarya gaba ɗaya ba, SUBEB ma haka. Kowanne ya faɗi rabin gaskiya ne ya ɓoye rabin da ya shafe shi. Matsalolinki uku ne, rufi da malamai da marainiya, kuma makullin kowacce a hannun mutum daban yake.

Sai mun ɗan koma baya kafin ki gane yadda aka yi abin ya rarrabu haka. A zamanin En'e, makarantar elemantare ta hukumar gargajiya ce. Hakimi ne yake sa dagatai su kawo yara, idan yaro ya gudu a aika dogari gidansu. Akwai tilas a ciki, akwai kuma zalunci a wasu wurare, amma kowa ya san wanda za a tuhuma idan makaranta ta lalace. A 1976 aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, a shekarar kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta da ake kira UPE. Yara suka yi ambaliya zuwa makarantu, aka ɗebi malamai a gurguje. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, nauyin ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi, malaman firamare suka riƙa yin watanni ba albashi. Wannan ne ya sa gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 domin ta riƙe albashin malamai. A 1991 aka rushe ta aka mayar da komai hannun ƙananan hukumomi, albashi ya sake tsayawa, a 1993 aka dawo da ita. Duk malamin da ya yi aiki a waɗannan shekaru bai manta da wahalar ba, kuma shi ya sa har yau ƙungiyar malamai ta NUT take tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka yi maganar miƙa albashinsu ga ciyamomi.

Tsarin da muke ciki yanzu ya fara ne da shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wato UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta samar da hawa uku: hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, wato UBEC, a Abuja, SUBEB a kowace jiha, sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wato LGEA, wadda Sakataren Ilimi yake shugabanta. Shi kuwa Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu inda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, cewa ya yi ƙaramar hukuma za ta shiga cikin aikin samarwa da kula da ilimin firamare tare da gwamnatin jiha. Kalmar nan ta "shiga ciki" ita ce mafakar kowa. Ciyaman ya ce shi mai taimakawa ne kawai, jiha ta ce ai da kuɗin ƙaramar hukuma ake biyan malamai.

To ga yadda kuɗin yake tafiya. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru wannan kaso yana faɗawa ne cikin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanada. Daga can ake cire albashin malaman firamare tun kafin ciyaman ya ga ko kwabo, a miƙa wa SUBEB ta biya. A ƙananan hukumomi masu yawan makarantu, albashin malamai kaɗai yakan lashe kaso mai tsoka, abin da ya rage a biya ma'aikatan sakatariya da na asibitocin sha-ka-tafi. Saboda haka idan ciyaman ya ce miki ba shi da kuɗin gina aji, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Idan kuwa ya ce ba ruwansa da makarantar, wannan kam bai faɗi gaskiya ba.

Manyan gine-gine da gyare-gyare daga kuɗin UBEC suke fitowa. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, amma jiha ba za ta karɓi kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da jerin ayyukan da za ta yi. Akwai jihohin da sukan bar kasonsu ya yi shekaru yana kwance a Abuja saboda ba su ajiye nasu rabin ba, alhali yaransu suna zaune a ƙasa. Wannan abu yana ci mini rai fiye da komai a harkar nan, domin kuɗin yana nan, an san adadinsa, sa hannu da niyya kawai ake jira.

Yanzu ga inda rufinku ya shigo. Wancan jerin ayyuka da SUBEB take kai wa Abuja ba daga sama yake faɗowa ba. Daga ofishin Sakataren Ilimi ake aika sunayen makarantun da suke buƙatar gyara, kuma ana dogara da rahoton hedimasta da ƙidayar makarantu da ake yi kowace shekara, inda ake cike fom a kan yawan yara da malamai da azuzuwa da halin da kowane aji yake ciki. Idan a fom ɗin makarantarku an rubuta azuzuwa shida lafiyayyu, to a idon SUBEB rufinku bai taɓa yayewa ba. Mazan garinku sun je sun yi magana da baki, an ba su ruwa sun sha, an ce za a duba. Maganar baki ba ta shiga fayil, abin da bai shiga fayil ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Abin da ya kamata su yi shi ne su zauna da hedimasta su rubuta takarda zuwa ga Shugaban SUBEB ta hannun Sakataren Ilimi, su faɗi ranar da iskar ta yi ɓarna, azuzuwa nawa, yara nawa abin ya shafa, su haɗa da hotuna. Dagaci ya sa hannu, shugaban kwamitin makaranta ya sa hannu. A yi kwafi a kai wa ciyaman da kansilan mazaɓa da hakimi da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin. A kowane ofishi kuma kada a fito sai an buga wa kwafin da za ku riƙe hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan hatimi shi ne makaminku bayan wata biyu idan kun koma tuni.

Amma kada a sake wa ciyaman mara. Mayar da kwanon azuzuwa biyu ba ginin makaranta ba ne. Ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka, tana da kasafin kuɗi na shekara da kansiloli suke amincewa da shi, tana karɓar harajin kasuwa da na tasha. 'Yan bandir na kwano da katako da ƙusa da ladan kafinta abu ne da take iyawa idan ta ga dama, kuma na sha ganin an yi shi cikin mako guda idan wani babba zai kawo ziyara. Ku tambayi kansilanku nawa aka ware wa gyaran makarantu a kasafin bana, kuma wace makaranta aka gyara da shi. Aikin kansila ke nan, sa ido a kan ɓangaren zartarwa, ko da yake da yawansu sun ɗauka aikinsu ya tsaya ga rakiyar ciyaman wurin ɗaurin aure da ta'aziyya.

Na ambaci kwamitin makaranta. Kusan shekara ashirin ke nan da aka amince kowace makarantar gwamnati ta kasance tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya ƙunshi hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mata da malaman addini da masu sarauta da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu. UBEC tana da shirin da take ba irin waɗannan kwamitoci kuɗi kai tsaye domin ƙananan ayyuka, al'umma ta haɗa da nata gudummawar ta yashi ko ruwa ko aikin ƙarfi. Amma sai kwamitin da yake raye, mai zama, mai littafin rubuta abin da aka tattauna, mai asusun banki. Ki bincika ko naku yana nan. Idan sunaye ne kawai a takarda, ku farfaɗo da shi, ke ma ki nemi shiga. Na lura duk kwamitin da mata suke da baki a cikinsa ya fi sanin wane yaro ne ya daina zuwa da dalilin da ya sa, domin su suke shiga gidaje.

Batun malamai kuwa, nan ne ƙaramar hukuma ba ta da wurin ɓuya ko kaɗan. Ɗaukar malamai masu takardar shaidar koyarwa ta NCE yawanci sai da amincewar SUBEB, amma tura malami makaranta da tabbatar da cewa yana zuwa aiki ne na Sakataren Ilimi da jami'ansa masu zagaya makarantu. Ba ya buƙatar kwangila, ba ya buƙatar kuɗin Abuja. Akwai littafin sa hannu a kowace makaranta da malami yake rubuta lokacin zuwansa da na tashinsa, akwai rajistar kiran sunan yara, akwai littafin da baƙo mai duba aiki yake rubuta abin da ya gani. Idan malamai biyu cikin uku ba sa zuwa kuma albashinsu yana fita, to ko dai hedimasta yana rufa musu asiri, ko jami'in da ke duba yankin bai taka ƙafarsa garinku ba, ko kuma an kai rahoto wani mai ƙarfi ya danne. Na taɓa zuwa wata makaranta a bayan gari ba tare da sanarwa ba, na tarar an sa hannu a littafin malamai har na gobe da jibi, da biro ɗaya da rubutun mutum ɗaya. Da na rubuta rahoto, kafin mako ya zagayo an kira ni ana ba ni haƙuri, wai ɗayan malaman ƙanin wani ne da ake jin nauyinsa. Ban janye rahoton ba, amma ban ga an yi masa komai ba sai da iyayen yara suka zo sakatariya da kansu, maza da mata, suka zauna a ƙofar ofis. A ranar aka canja shi aka turo wani.

Dole kuma in faɗi uzurin da yake na gaskiya. Jami'in da aka ba makarantu masu nisa ya zagaya, ba babur, ba kuɗin mai, ba zai je ba. Malamar da aka tura ƙauyen da ba gidan haya, ba mota sai ranar kasuwa, ga goyo, za ta yi ta neman hanyar dawowa cikin gari. Shi ya sa za ki ga makarantar hedikwatar ƙaramar hukuma malamai sun yi yawa har suna zaman hira a ofis, ta ƙauye kuma mutum ɗaya yana fama da aji shida, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba abin ya wuce maganar babur, musamman bayan sace ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna a watan Maris 2024. Idan garinku yana da 'ya'yan da suka yi NCE suna zaune, ku sa sunayensu cikin takardarku, ku roƙi a ɗauke su a bar su a gida. Ɗan gari ba ya fashin zuwa kamar baƙo, domin da iyayen yaran yake sallah.

Za ki ji ana cewa ai yanzu ƙananan hukumomi sun sami 'yanci. Gaskiya ne a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da ikon naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni. Hukunci ne mai kyau, sai dai aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, ni ban yarda cewa shi kaɗai zai gyara makaranta ba. Dubi Abuja: malaman firamare na ƙananan hukumominta shida sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ba a biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, yaran talakawa suna zaune a gida a babban birnin ƙasa. Kuɗin da ya bar hannun gwamna ya faɗa hannun ciyaman da ba mai tambayarsa, wurin ɓacewa kawai ya canja. Amfanin hukuncin a wurinku shi ne idan kuɗin ya fara zuwa kai tsaye, ciyaman ba zai ƙara ce muku an cire a sama ba.

Yanzu marainiyar nan, wadda a gaskiya ita ya kamata a fara da ita, domin rufi zai iya jiran wata guda, jikin yarinya ba zai jira ba. A kowace sakatariya akwai ofishin jin daɗin jama'a, wasu suna cewa ofishin walwala, kuma jami'insa ne yake da hurumin shiga maganar yaron da ake cutarwa, da rikicin ciyarwa tsakanin ma'auratan da suka rabu, da jaririn da aka tsinta. Ba zan ɓoye miki ba, shi ne ofishin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a duk sakatariya. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu da tebur, ba abin hawa. Gidajen marayu da gidajen gyaran tarbiyyar yara kuma a ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiha suke. Duk da haka ƙofarsa ce ƙofar hukuma, kuma rahotonsa yana da nauyi a gaban alƙali.

Doka tana bayan yarinyar. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ce, jihohi kuma suka riƙa yin nasu daidai da addini da al'adarsu: Kaduna a 2018, Kano a 2023. Ita kanta dokar UBE ta ce uba ko mai riƙon da ya ƙi sa yaro a makaranta, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan tarar naira 5,000 ko wata biyu. Tarar ta zama ba komai a kuɗin yau, amma tana nuna cewa cire yarinya daga makaranta laifi ne a hukumance. Haka kuma dokar ta hana karɓar kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, saboda haka idan mai riƙonta ya ce kuɗin makaranta ne ya gagare shi, a tambayi hedimasta me ake karɓa da sunan me.

Shawarata ita ce kada ki tunkari gidan ke kaɗai, domin za a ce kin shiga sharo ba shanu, kuma haushin a kan yarinyar za a huce. Ki fara da mai unguwa da liman, su kira mai riƙon su yi masa nasiha a asirce, su tuna masa abin da Allah ya ce a kan maraya. Su kuma binciki dalilin tallar. Wani lokaci mugunta ce, wani lokaci kuma gidan ne ba abinci, farantin tallar shi ne tuwon dare. Idan na biyun ne, hana talla ba tare da an toshe ramin da take cikewa ba ba zai ɗore ba. A nan ne zakka da taimakon masu hali na gari da ƙungiyoyin tallafa wa marayu suke da amfani, a ɗauke wa gidan kayan makaranta da wani abu na abinci, da sharaɗin yarinya ta koma aji, ko da za ta taimaka da sana'ar gida bayan an tashi. Hedimasta ya mayar da sunanta cikin rajista, wata mace daga cikin kwamitin makaranta ta riƙa duba zuwanta.

Idan nasiha ba ta yi aiki ba, sai mai unguwa ya kai maganar ga dagaci, a rubuta wa jami'in walwala, a jihohin da suke da Hisba kuma a sanar da ofishinsu na ƙaramar hukuma, domin sun saba da irin wannan sulhu. A kuma nemi dangin mahaifiyarta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, riƙon yaro bayan uwa yana komawa ne ga kakarsa ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba, kuma alƙali yana da ikon karɓe riƙo daga hannun wanda aka tabbatar yana cutarwa. Idan mahaifinta ya bar gona ko gida ko dabbobi, a faɗa wa alƙali wannan ma, domin na ga inda ake riƙe maraya saboda gadonsa kawai.

Amma idan kin ga rauni a jikinta, ƙuna ko karaya ko tabon bulala da ya fashe, ko kika ji alamar an taɓa mutuncinta, to a tsallake duk matakan sulhun nan. A kai ta asibiti a ranar, tare da mai unguwa ko wata dattijuwa da ake ganin girmanta, a karɓi rahoton likita a rubuce, daga nan a wuce ofishin 'yan sanda, a kuma kira jami'in walwala ya zo ya same ku a can. Kada a yarda ta koma kwana a gidan a wannan dare.